Waya Mai Sulke a Wurin Alwalar Gwaggo

Tun da na dawo daga Maraɗi abokaina na majalisa suka hana ni sakat. Kowa ya tare ni sai ya ce yaya ƙasar Faransa, sai ka ce teku na haye, alhali wurin da na je mai jaki ma yana zuwa ya dawo. Waɗansu kuma abin da ke cin su shi ne wayar wutar rakodata, da suka ga ta tafi lafiya lau ta dawo da baƙon kai da jela tana reto. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ni malamin makaranta ne a Katsina, amma asalinmu mutanen Riko ne ta ƙasar Jibiya. Kun dai san abin da ya faru da aka yi mana ƙarin albashi aka haɗa da ariyas. Wani ya sayi babur, wani ya sayi firji ko da yake unguwarsu ba a kai wuta ba. Ni na hau mota na tafi Kano na sayo rakoda, babbar nan ta ɗaki mai makirfo da jan ido a goshi. A cikin kwalinta akwai wayar wuta siririya. Mai kantin ya taɓe baki, ya ɗauko wata mai kaurin yatsa, ya nuna mini wani guntu da ya fere. Ƙarƙashin robar akwai saƙar tagulla da ta lulluɓe wayoyin ciki. Ya ce wannan ita ce mai sulke, tana hana ƙugin wuta shiga cikin sauti. Ko rabin bayaninsa ban fahimta ba. Na dai ji ta fi tsada, kuma a 'yan shekarun nan duk abin da ya fi tsada shi muke ɗauka mai gaskiya.

Abin da ya kai ni Maraɗi ba yawon buɗe ido ba ne. Mahaifina, Malam Haruna, yana kwance a gidana tun bara. Idanunsa sun tafi, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Yana da yaya guda, Gwaggo Hajo, wadda aure ya kai Maraɗi tun kafin a haife ni, kuma shekara talatin da wani abu ba ta yi masa magana ba. Lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali damina ce, ana tsakiyar noma. Baba ya yi ta cewa gobe zai aika mata, goben ba ta zo ba har aka binne tsohuwar. Daga nan kunya ta riƙe shi, ya sake yin shiru. Gwaggo a bakin fatake ta ji labarin, a kasuwa, bayan wata biyu. Ta zo Riko ta tsaya a kan kabarin, ta juya ko ruwan gidan ba ta sha ba.

Da Baba ya ji ina gwada rakodar da muryoyin 'ya'yana, sai ya kira ni. Ya ce in ɗauki maganarsa in kai mata, in kawo masa tata. Na ce ai ba sai da inji ba, ni ma ina da baki.

“Ba ni son saƙon baki,” in ji shi. “Ɗan aike shina gyara magana. Muryatta nika so in ji, ko da zagi na.”

Ranar nan muka ɗauki maganarsa da waya mai sulke, ta fito tas, har numfashinsa ana ji. Da asubar Asabar na mayar da rakodar kwalinta. Da na rasa igiya sai matata ta miƙo mini siririyar wayar nan da ba mu taɓa amfani da ita ba, na ɗaure kwalin da ita.

Motar da na samu a tasha a-kori-kura ce, direbanta Mamman, mutumin Maraɗi, wanda bai san a yi shiru ba. Don girman kwalina aka sa ni gaba, na ɗora shi a cinya har ƙafafuna suka mutu. Daga Katsina zuwa Jibiya manyan motoci ne birjik, na siminti da na fetur. Mamman ya ba ni labarin yadda a da, kafin mu koma tuƙin dama, yakan sauya hannu a kan iyaka, har yau in ya iso Magama hannunsa kan ja shi hagu. Na roƙe shi ya yi wa Allah ya bar hannun inda yake. A Jibiya muka tsaya shan fura, ni kuwa a zaune na sha tawa, don ban yarda in bar kwalin da kowa ba.

A ɓangarenmu na iyaka ba a ɓata mana lokaci ba, hankalin ma'aikata yana kan manyan motoci. Da muka isa wurin duwan, wato kwastan na Nijar, sai wani dogon ma'aikaci ya ƙwanƙwasa kwalina ya ce in shigo da shi. Ya yi mini magana cikin ladabi da Hausa irin ta gidanmu. Ya ce sabon abu a cikin kwalinsa kayan sayarwa ne, sai in na nuna ba haka ba. Na ce saƙo ne a ciki. Ya ce to a kunna a ji.

Nan na fara ganin bambancinmu da su. Ramin wutarsu ido biyu ne zagayayyu, filogina kuwa ƙafa uku ne masu kusurwa irin namu. Na juya shi sama, na juya shi ƙasa, ya ƙi. Mamman, da fasinjojinsa ke gasuwa a rana, ya ce abu kaɗan ne wannan. Kafin in buɗe baki ya zaro wuƙa ya datse kan wayar da na je har Kano na sayo. Ya fere bakin, ya ware wayoyi biyu, ya ga ta uku da saƙar tagullar, ya ce waɗannan ado ne na Turawa, ya yanke ya yar. Ya cusa biyun cikin ramin ya tokare da tsinken ashana. Wuta ta shiga, rakoda ta tashi. Wallahi har godiya na yi masa.

Sai muryar Baba ta cika ofishin.

“Yaya Hajo, ni na, Haruna. Rad da Inna tac cika, ni na hana ki ganinta. Ba ruwa ba na, ba hanya ba ta, ni na.”

Ban yi tunanin abin da zai fito ba sai da ya fito. Masu jiran takardu a bakin ƙofa suka juyo suna sauraro. Na tsaya kamar an tuɓe ni a kasuwa. Dogon ma'aikacin nan ya miƙa hannu da kansa ya zare wayar daga bango, ya ce wannan magana ba tasu ba ce, in ɗauki kayana Allah ya sa a dace. Har mota ya taya ni ɗaukar kwalin. Wata tsohuwa da muke tafe tare, wadda tun Katsina ba ta ce da ni uffan ba, ta kwance bakin zanenta ta ba ni dabino uku.

Da na sunkuya zan sake ɗaure kwalin ne na lura da kan siririyar wayar da ke yashe a ƙasa. Ƙafa biyu ne zagayayyu, daidai da ramin bangonsu. Tana nan kusa da ƙafata duk lokacin da ake yanka 'yar'uwarta. Na nuna wa Mamman, ya duba, ya ce ƙaddara ta riga fata.

Mun shiga Maraɗi rana ta take. Wanda ya tarbe ni Idi ne, ɗan Gwaggo, tela, taubashina da ban taɓa gani ba. Bai bari na sauke kaya ba ya fara. Ya ce ga mutanen fetur sun iso, an kawo musu akwatin magana don bakinmu ya yi tsada. Ya ce su ne Katsinawan asali, mu masu gadin kango ne aka bari a baya. Na ce to asalin ya zo ya ɗauki kwalin ubangidansa. Kafin mu isa gida mun saba kamar tare muka tashi. Ya sauke ni a shagonsa na zaure, tsakanin keken ɗinki da tarin yadudduka, ya kawo mini tuwon gero da miyar kuka da wani burodi dogo kamar sanda, mai ɓawon da ya kusa fasa mini dasashi. Su da shi suke karyawa, suna tsoma shi a kwanon kofi da madara. Na yi masa ba'a a kai, amma sai da na sayo uku na kawo gida.

Gwaggo Hajo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, fuskar Baba sak. Ta riƙe hannuna ta daɗe tana kallona, ta tambayi uwata da matata da 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta tambayi ƙanenta ba. Muryarta can ƙasa take, sai ka matso kake ji. Na haɗa rakodar a ɗakinta na kunna mata. Akwai ɗan ƙugi a ƙarƙashi, amma Baba da ƙarfi ya yi magana, ta ji komai. Har ya gama ba ta motsa ba. Sai ta nuna jan idon ta tambaye ni amfaninsa. Na ce in na danna nan ya kama, to duk abin da aka faɗa yana shiga.

“Gobe da hantsi ni ba shi amsa,” ta ce. “Sau guda. Ban maimaitawa.”

Allah ya taimake ni na ce bari in gwada tukuna. Na sa Idi ya yi magana a hankali kamar yadda uwarsa ke yi, na mayar muka saurara. Ƙugi ne kawai, da wata ƙara ƙaraf-ƙaraf duk lokacin da injin niƙan maƙwabta ya ja wuta, muryar Idi kuwa tana can ƙasa kamar daga rijiya. Na cire mai sulke na sa siririyar. Ta ɗan fi dama, abin da ya ba ni haushi ƙwarai, amma ita ma ba za ta fitar da muryar Gwaggo ba. Na tuna Baba yana kwance yana jira, ga tsohuwa ta ce sau guda, kuma na san jininmu, in ta faɗa ta faɗa.

Idi ya ce akwai Malam Isufu mai gyaran rediyo a bayan kasuwa. Muka je muka tarar da rumfar a rufe. Ashe su can da rana ta take kowa sai ya kulle ya tafi ya kwanta, har ofisoshi, sai wajen la'asar a buɗe. Na yi ta zagaye ina cewa wannan wace irin ƙasa ce da ake barci da rana tsaka. Idi ya kishingiɗa a gindin bedi, wato dogon yaro, ya ce ƙasar da ba ta da fetur ai sai ta yi tattalin gumi.

Malam Isufu ya zo bayan sallah, dattijo mai furfura da tabarau ɗaure da zare. A da shi ke kula da injin majigi a silima. Na tambaye shi ko yana da ƙaramar rakoda mai batir in ara. Ya ce akwai, amma kukan injinta ya fi muryar tsohuwa. Ya karɓi wayata ya dubi bakin da aka yanke, ya tambayi wane mahauci ne ya yi wannan aiki. Sannan ya zaunar da ni, ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, ya yi mini karatu.

Ya ce sulken nan kamar rufin soro ne, yana tare ruwa, amma in babu indararo ruwan zama zai yi ya yoyo cikin ɗaki. Indararon shi ne waya ta uku da Mamman ya yar, ita ke kai hayaniyar wutar cikin ƙasa. Sulken da ba a haɗa da ƙasa ba tara ƙugi yake yi, gara ma siririyar da ba ta yi alkawarin komai ba. Na ce to wacce ta fi, don in sani. Ya ce babu wadda ta fi, aikin ne ya bambanta. In sauraro kawai zan yi a ɗakina, ba inji kusa, siririyar ta ishe ni har in tsufa, ga ta da laushi ba ta karyewa. In kuwa zan ɗauki murya mai rauni, ga makirfo, ga injin niƙa a layi ɗaya, to sai mai sulke, amma da sharaɗin a ba ta ƙasa. Ya ƙara da cewa in mai kantin bai tambaye ni aikin da zan yi da ita ba, to aljihuna ya duba, ba rakodata ba.

Ya rufe rumfarsa ya biyo mu da guduma da guntun rodi. Ya sake fere wayar, ya murɗe saƙar tagullar da waya ta uku wuri guda, ya ƙulla musu doguwar jela, ya sa mata kai irin nasu. Sai aka zo neman inda za a kafa rodin. Bayan farin da aka sha, tsakar gidan rairayi ne busasshe, ya ce busasshiyar ƙasa ba ta karɓar komai. Ya zagaya yana tona ƙasa da yatsan ƙafa, har ya tsaya a gefen ƙofar Gwaggo, wurin wani dutse da buta a kai. Nan take alwala tun ranar da aka kawo ta gidan. Ƙasar wurin baƙa ce, da danshi, har da 'yar ciyawa.

Ya nemi izininta. Ta ce in dai ba za a ɗauke mata dutsen ba, a kafa. Ya buga rodin ya nutse, ya ɗaura jelar, ya tuttula ruwa buta guda. Ya raba wayar makirfo da ta wuta, ya ce kada in bari su kwanta tare. Idi ya sake yin raɗa, injin niƙa yana ta aikinsa, muka mayar. Muryarsa ta fito ita kaɗai, bayanta shiru. Na kama hannun Malam Isufu da hannu biyu na yi masa godiya. Da na sa hannu a aljihu ya harare ni, ya ce in na yi haka zai tuge rodinsa ya tafi. Furar da aka dama masa kawai ya sha.

Da hantsi Gwaggo ta yi alwala a kan rodin nan, ta shigo ta zauna. Na danna, jan ido ya kama. Ba da Baba ta yi magana ba, da ni ta yi. Ta ce in gaya masa ta ji. In gaya masa gawon da ke bakin gonar Inna kada a sare shi. In gaya masa mijinta ya rasu shekara tara ke nan, ita ma ba ta aika ba. Ta lissafa waɗanda suka mutu a dangi, ta yi musu addu'a. Ina ta jiran kalma ɗaya, ba ta zo ba. Ta yi shiru ta naɗe hannuwa.

Ana cikin haka na hango akuyar gidan ta kama jelar wayar tana ja. Na tashi da gudu ina kora, ta zagaya da ni bayan rumbu, Idi yana dariya maimakon ya taimaka. Da na dawo Gwaggo tana jan carbi. Na tambaye ta ko akwai ƙari, ta ce ta gama. Na kashe. Na saurari farkon na ji ya fito tas, sauran kuwa ban iya ba, don na riga na san abin da babu a ciki.

Komowa ba ta da labari. Mamman ne ya sake ɗauko ni, na ba shi karatun indararo, ya ce shi dai ya san wuta ta kama. A wurin duwan dogon nan ya gane ni, ya ɗaga gira yana tambaya, na ce sai addu'a. Daga Magama har Katsina ina saƙa yadda zan ce wa Baba ta faɗa mini a baki cewa ta yafe. Sai in tuna abin da ya ce game da ɗan aike.

Bayan la'asar na shiga ɗakinsa. Siririyar wayar na sa, na danna ƙafafunta biyu a ramin bangonmu da dabarar tsinke, tun da sauraro ne kawai. Ya sa aka tayar da shi zaune. Da muryarta ta fito ya runtse makafin idanunsa. Ya ji zancen gawo ya gyaɗa kai, ya ji rasuwar mijinta ya yi salati. Sannan aka ji ta yi shiru, aka ji na tashi da gudu, aka ji ni can nesa ina yi wa akuya tsawa. Kunya ta kama ni, na kai hannu zan kashe.

“Bari,” in ji Baba.

Ni ban ji komai ba sai shiru. Shi kunnen makaho gare shi. Ya ce in mayar baya kaɗan in ƙara sauti. Na mayar, na murɗa har ƙarshe, kuma da akwai ƙugi ko kaɗan a kaset ɗin nan da shi kaɗai za mu ji. Sai ga motsin tabarma, ga numfashi ya matso kusa da makirfo. Ta san jan idon yana kunne, ni na gaya mata. Jira ta yi ɗakin ya zama ba kowa.

“Tanko,” ta ce, can ƙasa. “Na yahe maka tun tuni. Kunya ta hana ni hwaɗi. Kai ma ka yahe mini.”

Ban taɓa jin wannan suna ba. Ashe haka ake kiransa yana yaro, kuma duk waɗanda suka san shi da sunan sun mutu, saura ita. A ranar na gode wa Allah, na gode wa Malam Isufu da rodinsa, da ma'aikacin da ya zare waya daga bango, har akuyar nan na sa mata albarka.

Baba ya ce in sake mayarwa. Na mayar. Da ta kira sunan, tsohon da jikokinsa ke tsoron tarinsa ya gyara zama, ya juya fuskarsa wajen rakodar.

“Na'am, Yaya,” ya ce.